Daga Bukka Zuwa Ganuwa: Tarihin Wani Sihiri a Littattafan Wasan Dungeons & Dragons

Gabatarwa

Duk marubucin da Allah ya nufa littafinsa ya kai ga bugu na biyu ya san cewa gyara yana da daɗi, kuma yana da haɗari. Mutum zai zauna da niyyar sauya jimla ɗaya, sai daga baya ya tarar ashe wannan jimlar ce ginshiƙin da ke riƙe da babi guda. A wannan fitowa muna so mu kawo wa 'yan'uwa marubuta misalin haka daga wani fage da ba mu saba leƙawa ba, wato littattafan dokokin wani wasa na ƙasar Amurka mai suna Dungeons & Dragons. Za mu bi sawun sihiri guda ɗaya tak daga cikin ɗaruruwan da ke cikin littattafan, tun daga shekarar 1978 har zuwa 2024, mu ga yadda aka yi ta taɓa shi daga bugu zuwa bugu, da kuma abin da kowace taɓawa ta haifar ga labarin da 'yan wasa ke shiryawa. Sunansa da Turanci Leomund's Tiny Hut, ma'ana 'Yar Bukkar Leomund.

Wane Irin Wasa Ne?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu yi wa mai karatu shimfiɗa. Mutum biyu ne suka ƙago wannan wasa, Gary Gygax da Dave Arneson, kuma kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin ya fara buga shi a 1974. Wasan labari ne da ake shiryawa baki da baki. Mutane huɗu ko biyar kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki tauraro guda ya zama shi: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, wani kuma boka. Mutum ɗaya shi ne jagora, shi ke bayyana dajin da suka shiga da dodannin da suka gamu da su, su kuma su faɗi abin da taurarinsu za su yi. In aka zo wurin da ba a san ko abu zai yiwu ba, sai a jefa 'yan ƙwayoyi masu lambobi irin na wasan ludo, su raba gardama.

Sihirin da ke cikin wasan na tatsuniya ne, irin na Gizo da Ƙoƙi, ba ya wuce takarda da fensir. Kowane sihiri yana da ɗan sakin layi a littafin dokoki da ke faɗin abin da yake yi, da tsawon lokacin da yake ɗauka, da abin da ba zai iya ba. Gygax ya aro tsarin ne daga marubucin ƙagaggun labarai Jack Vance, mai littafin The Dying Earth na 1950. A labaran Vance boka kan haddace sihiri kaɗan ne a lokaci guda, da zarar ya furta ɗaya sai ya goge daga kansa, sai ya koma ga kundinsa. Haka nan sihirce-sihircen Vance kan ɗauki sunan bokan da ya ƙirƙiro su. Waɗannan abubuwa biyu suna da muhimmanci ga tarihin da za mu bayar.

Wane Ne Leomund?

Da Gygax ya zo rubuta littafin Players Handbook na 1978, sai ya raɗa wa wasu sihirce-sihirce sunayen taurarin da shi da iyalinsa da abokansa suke wasa da su. Mordenkainen tauraron Gygax ne da kansa. Tenser na ɗansa Ernest ne, an jujjuya haruffan sunansa ne kawai. Drawmij kuwa sunan Jim Ward ne aka karanto daga ƙarshe zuwa farko. Leomund shi ne tauraron Len Lakofka, wani abokin Gygax mutumin birnin Shikago, wanda yana cikin waɗanda suka duba rubutun littafin kafin a kai shi maɗaba'a. Daga 1979 Lakofka ya shiga rubuta wani shafi na musamman a mujallar Dragon, kuma sunan shafin shi ne sunan wannan sihiri. Shi ne kuma ya rubuta littafin kasada The Secret of Bone Hill wanda ya fito a 1981. Ya rasu a 2020.

Bugun 1978: Laima Ce Kawai

A littafin 1978 bukkar wata ƙwallo ce ta ƙarfin sihiri da ke kewaye boka, rabinta a bisa ƙasa, rabi a ƙarƙashi. Faɗinta daga gefe zuwa gefe ƙafa 10 ne, wato kimanin mita 3, tana ɗaukar boka da wasu mutane shida. Na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganin ciki. Yanayin cikinta yana tsayawa a digiri 70 na ma'aunin Farenhait, kimanin 21 ke nan a ma'aunin Salshiyos, sai fa in sanyi ko zafin waje ya wuce misali. Tana jure iskar da gudunta bai wuce mil 50 a sa'a ba. In iska ta fi haka, sai ta watse. In boka ya fita daga cikinta, nan take ta ɓace. Kayan aikinta ɗan dutsen ado ne na ƙarau, wanda ke farfashewa idan sihirin ya ƙare.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne littafin ya faɗa ƙarara cewa bukkar ba ta tare kibiya, ba ta tare takobi, ba ta kuma tare wani sihirin. Ke nan maganin damina da hunturu ce, kamar laima ko tanti. Wanda ya kwana a ciki ba zai jiƙe ba, amma in kura ta biyo sansanin, babu abin da zai hana ta shiga.

Sannan tana da tsada ta fuska biyu. Ta farko ita ce lokaci. Bukkar na ɗaukar sa'a ɗaya ne ga kowane matakin ƙwarewa da boka ya taka, kuma ba ya isa ya koye ta sai ya kai mataki na 5. Ke nan sabon mai ita sa'a 5 kawai zai samu, ba ta ma kai shi asuba. Ta biyu ita ce zaɓi. Bukkar tana cikin sihirce-sihircen daraja ta uku, boka ɗan mataki na 5 kuwa guda ɗaya kacal zai iya haddacewa a rana daga wannan daraja. A nan ne kuma ake samun ƙwallon wuta, da tsawa, da tashi sama. Duk bokan da ya zaɓi bukka, ya haƙura ke nan da makamin da zai cece shi ranar gumurzu. Hausawa sun ce ba a gudu ana susar takashi.

Dalilin wannan tsari yana cikin irin wasan da ake yi a wancan zamani. Tafiya cikin daji ita kanta jarrabawa ce. Ana ƙidaya guzuri, ana ƙidaya fitilu, jagora kuma na jefa ƙwaya lokaci-lokaci don a ga ko wani dodo mai yawo ya faɗo wa matafiya. Rauni ma ba ya warkewa da wuri, domin hutun yini guda maki ɗaya kawai yake mayarwa daga ma'aunin lafiyar tauraro. Saboda haka dare lokacin fargaba ne, dole a raba gadi, wani ya yi barci wani ya zauna da makami a hannu. Da aka so a ba bokaye masauki mai ƙwari, sai aka ƙirƙiro wani sihiri daban mai daraja ta huɗu, shi ma da sunan Leomund, wanda ke gina ɗan gida mai bango da ƙofa. Yana cikin littafin Unearthed Arcana na 1985.

Bugun 1989 da na 2003: Bukka Ta Ƙara Faɗi

Gygax ya rabu da TSR a tsakiyar shekarun 1980, kuma David Cook ne ya jagoranci bugu na biyu da ya fito a 1989. A nan faɗin bukkar ya koma ƙafa 15, tana ɗaukar mutum bakwai ban da boka. Lokacinta ya zama sa'a 4 a kan sa'a ɗayar nan ta kowane mataki, ke nan ɗan mataki na 5 ya sami sa'a 9, dare guda cur. Ba ta kuma watsewa sai iska ta kai ƙarfin mahaukaciyar guguwa. Amma dai har yanzu makamai da yawancin sihiri suna ratsa ta.

A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR bayan da bashi ya yi masa katutu, a 1999 kuma kamfanin Hasbro ya sayi Wizards ɗin. Bugu na uku ya fito a 2000, aka yi masa kwaskwarima a 2003. A dokokin 2003 bukkar ta kai ƙafa 40 daga gefe zuwa gefe, tana ɗaukar mutum tara ban da boka, tana kuma ɗaukar sa'a 2 ga kowane mataki. An ƙayyade guguwar da ke rusa ta da gudun mil 75 a sa'a, kimanin kilomita 120. Wannan bugu yana son ƙididdige komai, don haka ya fayyace cewa na cikin bukka a ɓoye yake sarai daga idon maharbi, ko da yake kibiyar da aka harba bisa dace tana iya samunsa. Daga nan 'yan wasa masu wayo suka gane cewa ana iya kafa ta a fagen fama, a riƙa harbi daga ciki ba tare da an ga mai harbin ba.

Idan muka lura, cikin shekara 25 ɗin nan duk gyaran da aka yi na yawa ne: ƙarin faɗi, ƙarin mutane, ƙarin sa'o'i. Asalin halin bukkar bai sauya ba.

Akwai wani abu da ya faru a wannan zamani da ya shafe mu a matsayinmu na marubuta. A 2000 kamfanin ya fitar da wani lasisi da ya ba kowa damar amfani da ainihin dokokin wasan wajen buga nasa littafin. Amma a kundin da aka saki ga jama'a an cire sunayen bokaye, domin kamfanin ya riƙe su a matsayin mallakarsa. Sai sihirin ya koma 'yar bukka kawai, babu Leomund. Sunan da wani mutum ya laƙaba wa tauraronsa don nishaɗi ya zama kadarar kamfani. Gygax ma haka ya bar sunan Mordenkainen a hannun TSR lokacin da ya fita.

Bugun 2014: Bukka Ta Zama Ganuwa

Bugu na huɗu na 2008 ya shigo da wani sabon rukuni, wato sihirin da ake yi a tsanake, ana ɗaukar lokaci, ba a tsakiyar faɗa ba. Bugu na biyar na 2014 ya gaji wannan tunani, ya kuma sanya bukkar Leomund a cikinsa. Ga yadda ta koma. Ta zama kamar ƙwarya da aka kife, ƙafa 20 daga gefe zuwa gefe, wato rabin ta 2003. Tana ɗaukar mutum tara ban da boka, in sun fi haka ko akwai wani ƙato a ciki, sihirin ba zai kama ba. Lokacinta sa'a 8 ne ga kowa, babu ruwanta da mataki. Ba a ƙara maganar guguwar da ke rusa ta ba, ɗan ƙarau ɗin nan ma ba ya farfashewa.

Sai kuma jimloli biyu da suka juya komai. Ta farko ta ce duk wanda yake ciki lokacin da aka kafa bukkar, shi da kayansa, yana iya shiga da fita, amma duk wani mahaluki ko wani abu an hana shi ratsawa. Ta biyu ta ce sihiri ba ya ƙetare bangon, ko daga ciki ko daga waje. Abin da littafin 1978 ya hana da baki ƙarara, shi ne na 2014 ya bayar hannu sake.

Tsadar nan ma ta kau. Idan boka ya ƙara minti 10 a kan minti ɗayan da ake buƙata, zai kafa bukkar ba tare da ya taɓa rabonsa na sihirin yini ba, muddin dai tana rubuce a kundinsa. Ke nan minti 11 kawai ya rage masa a matsayin farashi, ƙwallon wutarsa kuma na nan a ajiye.

Amma mai karatu ba zai gane girman wannan sauyi ba sai ya haɗa shi da wata doka da ke wani babi daban. A bugun 2014 dogon hutu sa'a 8 ne, kuma wanda ya kammala shi yakan tashi da cikakkiyar lafiya da dukkan sihirinsa. Sa'a 8 na bukka sun yi daidai wa daida da sa'a 8 na hutu. Saboda haka taurarin da suka sha kashi da rana suna iya kafa bukka ko da a ƙofar kogon dodo ne, su yi barcinsu, su wayi gari garau. Gadin dare ya rage amfani, dodo mai yawo ya zo ya tarar da bango. Bugu da ƙari, tunda kayan da ke ciki suna iya fita, maharbi zai zauna a ciki yana sakin kibau, ba a ganinsa, ba a kuma iya ramawa.

Gardama da Gyaran 2024

Wannan ya jawo ka-ce-na-ce mai tsawo tsakanin masu wasan. Wasu suka ce gyaran alheri ne, domin mutanen yanzu suna taruwa ne na sa'o'i kaɗan a mako, ba su da lokacin ƙidayar guzuri da rabon gadi, abin da suke so shi ne a kai ga zuciyar labari. Wasu kuma suka ce an zare wa daji haƙoransa, kuma labarin tafiya da babu tsoron dare a cikinsa lami ne. Kowane ɓangare yana da hujja, domin ba labari iri ɗaya suke nema ba.

Har gardama aka yi a kan ko bukkar tana da daɓe. Littafin 1978 ya ce ƙwallo ce cikakkiya mai ratsa ƙasa, na 2014 kuwa ya yi maganar rufi mai kama da ƙubba. Sai jagorori suka fara tambaya ko dodo mai haƙa rami zai iya ɓullowa ta ƙasa. Maganar ta kai ga Jeremy Crawford, babban mai tsara dokokin bugun, wanda a ƙarshe ya tsaya a kan cewa tana da daɓe. Jagorori kuma suka nemo wasu dabaru. Abokan gaba suna iya zuwa da nasu bokan ya warware sihirin, ko su kewaye bukkar su yi ta tara mayaƙa har gari ya waye, tunda boka ba shi da damar fita.

A sabon Players Handbook na 2024 an ɗan ja da baya. Bukkar tana nan da sa'a 8, tana nan tana hana mutane da makamai shiga, ana kuma iya kafa ta a tsanake kamar da. Amma yanzu sihirin daraja ta uku zuwa ƙasa kawai take tarewa, wanda ya fi haka yana ratsa ta. An cire ƙidayar mutum tara, aka ce dai kowa ya samu shiga ciki gaba ɗayansa. An kuma ƙara cewa in boka ya sake kafa wata, ta farkon ta ɓace. Ma'anar wannan ita ce ƙananan maƙiya ba su da yadda za su yi da bukkar, amma babban boka yana iya kai hari ga masu barci a cikinta.

Abin da Marubuci Zai Ɗauka

Darasi na farko ya shafi duk mai rubuta labarin jarumtaka ko na aljanu da bokaye, kuma muna da su da yawa a cikinmu. Idan ka ba tauraronka laya ko zobe ko hular ɓata, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce abin da wannan baiwa ba ta iya yi, da abin da take ci masa. Bukkar 1978 tana tilasta wa boka ya zaɓa tsakanin kwanan daɗi da makami, kuma daga irin wannan zaɓi ne halin tauraro ke fitowa fili. Da aka ɗauke zaɓin a 2014, sai nauyi ya koma kan jagora ya nemo wata hanyar tayar da hankalin masu sauraro.

Darasi na biyu na mai gyaran rubutu ne. Wanda ya karanta sakin layin bukkar kaɗai ba zai ga wata matsala ba, haka ma wanda ya karanta dokar hutu ita kaɗai. Sai an haɗa su ne abin ke bayyana, alhali suna babi daban-daban a littafi guda. Don haka duk wanda zai taɓa wani wuri a bugu na biyu, ya daure ya sake karanta littafin tun daga bangon farko, yana tambayar kansa me kuma ya dogara a kan wannan jimla.

Darasi na uku na haƙƙin mallaka ne. Lakofka da Gygax sun ƙirƙiri sunaye suna raha a bakin tebur, ba su san za a yi shekara 40 da ɗoriya ana buga su ba. Matashin marubuci da ke miƙa rubutunsa ga maɗaba'a ko mai shirya fim ya kamata ya karanta yarjejeniya da kyau, ya san a hannun wa sunayen taurarinsa za su zauna bayan ya sa hannu.

Kammalawa

Mun ga yadda 'yar bukkar da aka yi don ruwan sama a 1978 ta yi ta faɗaɗa a 1989 da 2003, ta zama ganuwa a 2014, sannan aka ɗan sassauta bangonta a 2024. Sunanta da darajarta ta uku da ɗan ƙarau ɗinta duk suna nan, amma aikin da take yi a labari ya sauya, domin abin da masu wasan ke nema daga labari shi ma ya sauya. Muna fata 'yan'uwa masu shirin sake buga littattafansu za su tuna da wannan misali idan sun ɗauki jan biro. Allah ya ƙara mana basira, ya kuma yi wa alƙalumanmu albarka, amin.